Kwakwar Rabi

Wata Asabar da zafi ya cika titin Fordham Road a Bronx, wani direban tasi mai suna Musa, mutumin Maraɗi, ya tsaya a gaban teburina yana shan kwakwa yana kallon hannuna. Da ya ƙoshi sai ya ce, "Baba Idi, wallahi kai ka huta. Mu muna zaman mota har ƙugu ya riƙe, kai kuwa ɗan sara kaɗan, shi ke nan an gama aiki." Na miƙa masa adda, na ɗora masa ɗanyar kwakwa a tafin hagu. Saran farko ya zame, na gaba ya shige har ciki, ruwan ya tsiyaye masa tun daga cinya har takalmi. Matan da ke jiran bas suka kwashe da dariya, wata 'yar Sifanish har da tafi. Haka ya koma mota a jiƙe kamar yaron goye. Tun daga ranar, in ya zo, da hannu biyu yake gaishe ni.

To, ku ma da kuke cewa in kun gaji da aikin sito za ku sayi adda ku kafa tebur, ku gyara zama. Kayan aikin ba su da yawa: adda, dutsen wasawa, guntun katako, kula mai ƙanƙara, sai tsinken roba na zuƙa. Addar ba a son ta da tsawo, kuma ba a wasa ta gaba ɗaya. Baki ake wasawa daga tsakiya zuwa tsini, gindin a bar shi da dakushi don fasa ƙoƙo. Kafin na buɗe kwakwa sai na fere wani ɗan ɓawo daga gefe, shi ne cokalin da mai sha zai kankare tsokar ciki da shi. Amma babban kayan aiki kunne ne. In na ƙwanƙwasa kwakwa da bayan adda, na san ko ruwa ne zalla, ko ta fara tsoka, ko ta kwana biyu a jirgin ruwa ta fara tsami. Wannan ba a New York na koye shi ba. A gonar ubanmu na koya, gonar da saura ƙiris ta fita daga hannunmu ina tsaye a nan ina sara wa mutane kwakwar wata ƙasa.

Ƙauyenmu yana bakin teku a yammacin Ghana, can wajen iyakar Kodebuwa. Babanmu fataucin goro ya kawo shi daga arewa, ya ga wuri ya zauna a zango, masu gari suka yanka masa ƙasa. Gaba yashi ne, nan ake kwakwa. Baya fadama ce, nan ake shinkafa. Aikin da ya fara sa ni shi ne ɓare busasshiyar kwakwa. Akwai wani ƙarfe mai tsini da ake kafawa a ƙasa, tsininsa na kallon sama. Ka ɗaga kwakwa da hannu biyu, ka caka, ka murɗa, ɓawo ya yage. Mai kallo sai ya ce wasa ne. Wanda ya yi gyangyaɗi a kan wannan ƙarfe kuwa, tafinsa ne zai maye gurbin kwakwa, kuma ga tabon nan a hannuna ku gani. Sai da na iya ɓara sannan aka bar ni na hau, da igiya a ƙafa, ƙirji na gogar itace har fata ta saba. Daga can sama kana ganin teku ta wannan gefe, ta wancan kuma kana ganin ƙanena Sani a fadama yana jan igiyar gwangwanaye yana korar tsuntsaye daga shinkafa, yana zagin su da sunan iyayensu.

Mutanen birni suna ɗauka duk manomi ɗaya ne. Ba haka ba ne. Shinkafa sau ɗaya take zuwa a shekara, ta zo da yawa, ta tafi da sauri. Ana yanka ta da lauje, a buga a jikin durom, mata su turara su shanya, kafin ka farga masu saye sun zo da motarsu sun faɗi farashin da suka ga dama, tunda sun san hanyarmu in ruwa ya sauka ba mai shigowa sai su. Kwakwa kuwa kaɗan-kaɗan take bayarwa amma ba ta yankewa. Ita ce kuɗin sabulu da kananzir, ita ce littafin makaranta, ita ce allurar zazzaɓi. Innarmu tana matse mai ta kai kasuwa, ganye ya zama jinka da tsintsiya, ɓawo ya zama makamashi. In ka shiga ƙauye ka ga gida da rufin kwano, ba sai ka tambaya ba, mai kwakwa ne. Ba mu da lantarki, ba mu da famfo, takalmi sai ranar sallah. Amma ban taɓa kwana da yunwa ba a lokacin, kuma shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa da ɗan kifi busasshe, har yau ban ci abin da ya kai ta ba a duk gidajen abincin garin nan.

Masu garin suna da wata al'ada da mutanen zango suka ɗauka. In an haifi yaro, ranar da cibiyarsa ta faɗi sai a haƙa rami a binne ta, a dasa kwakwa a kai. Babanmu ya tambayi malamai, suka ce ai binnewa dama mu ma muna yi, itace kuwa inuwa ce kawai. Itacen ya zama na yaron, da sunansa ake kiransa. Ga kuma inda maganar take da nauyi. Ƙasa ta masu gari ce, baƙo aro aka ba shi. In suna son abinsu, sukan biya shi itatuwansa su sare. Amma itacen da ke da cibiyar mai rai a gindinsa ba a sa masa adda, ba a kuma karɓe gonar da yake tsaye a ciki. Ni ina da nawa, Sani yana da nasa, suna kusa da juna a bakin fadama.

Sai mummunar shekara ta zo. Da farko 'ya'yan kwakwa suka fara zubowa tun ba su nuna ba. Daga nan ganye ya yi rawaya daga ƙasa zuwa sama, sai wata rana ka ji kan itacen gaba ɗaya ya faɗo tim. Cutar ta bi gona-gona, ba magani, ba addu'ar da ba a yi ba. Wurin da rana ba ta taɓa ƙasa ya koma fili, kututture tsaitsaye ba kai kamar turakun waya. Nawa itacen yana cikin na farko da suka tafi. Na tsaya a gindinsa na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. A shekarar mutane suka ci irin shinkafar da suka ajiye don shuka. Aka cire yara daga makaranta, rufin kwano ya yi tsatsa ba mai canzawa, samari suka watse. Mata suka daina yarda a dasa wa jariransu kwakwa, don ba uwar da ke son ta ga itacen ɗanta ya mutu a gabanta. A duk gonarmu itace ɗaya ya tsira, na Sani, Allah kaɗai ya san dalili. Shi ya riƙe mana ƙasar. Sani ya zauna da shinkafa, ni na tafi birni na yi dako, na yi aure, daga can hanya ta kawo ni nan.

Na yi wanke-wanke a gidan abinci, na yi gadi, har ranar da na ga wani ɗan Jamaika yana yi wa kwakwa kisan gilla a bakin titi. Na ce ya ba ni addar. Da ya ga hannuna, ya ce gobe ma in dawo. A wurinsa na koyi inda ake sari, da yadda ake neman izinin tebur, da yadda ake magana da masu saye. 'Yan Sifanish suna son mai ruwa zalla, mai sanyi ƙarara. 'Yan Jamaika sai mai tsoka laushi, kuma sai sun gaya maka ta garinsu ta fi. 'Yan Bangladash busasshiya suke nema ta girki, su girgiza ta a kunne kamar masu sauraron rediyo. Mutanenmu na Nijar kuwa, da yawansu ba su taɓa ganin itacen ba, akwai wanda ya rantse mini a ƙasa take fitowa kamar kabewa. Abin da ɗan Jamaika ya manta bai gaya mini ba shi ne sanyi. Hunturun farko na bar kaya a cikin mota, da safe na tarar duk sun daskare sun tsage, ruwan ya zama dutse. Mutumin bakin teku ina zai san kwakwa tana ƙanƙara? Tun daga nan, in sanyi ya shigo nakan koma sayar da busasshiya da shinkafa a cikin shagon wani abokina.

Ina cikin wannan rayuwa, shekaru sun tafi, furfura ta fito, sai Sani ya kira ni wata rana da hantsi ina tsakiyar ciniki.

"Yaya, magana ta lalace paa," ya ce da Hausarsa ta Ghana. "Iskar jiya ta kayar da itacena."

Na ajiye adda. Ya ce masu dashen roba sun daɗe suna zawarcin wurin, har da fadamar. Ya dasa sabon irin da malaman gona suka kawo, gajere mai jure cutar, amma duk itatuwan banza ne, ba cibiya a gindinsu, biya za a yi a sare. 'Ya'yansa an haife su lokacin da ba a dasawa, kuma ba wanda ya yi aure cikinsu. Nana, wato babban masu ƙasar, ya ce saboda mutuncin babanmu zai jira har a gama girbin shinkafa. In ba itace mai cibiya na jininmu a lokacin, sai dai haƙuri.

"In fadama ta tafi, me za mu ci?" in ji Sani.

Amma ina da dabara. Autata Rabi, wadda aka haifa a nan Bronx, tana aikin jinya, tana da tsohon ciki a lokacin. Yayyenta a birni aka haife su, cibiyoyinsu suna bayan gidan haya da ko hanyarsa ban tuna ba. Na yi ta addu'a, sai Allah ya sauke ta lafiya, kuma namiji ta haifa. Na ce shi ke nan, gona ta tsira. Ranar suna na ja ta gefe, na tambaye ta a hankali ko cibiyar yaron ta faɗi.

Ta dube ni kamar na tambaye ta tsohon ƙunzugu. "Daddy, me za ka yi da shi?" Sauran ta ƙarasa da Turanci, wai ƙazanta ce, tun shekaranjiya ta tafi a shara.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga mutane cike da gida ana cin waina ana barka, ni kuwa ina ganin gonar ubana a bayan motar shara. Na koma gida na zauna ko hula ban cire ba. Matata Lami ta dawo ta same ni a haka, ta matsa sai na faɗa. Da na gama bayani, maimakon ta taya ni jimami sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon gwangwanin madara da take zuba maɓallai da allura. Ta zazzage shi a kan tebur, daga ƙasa ta ɗauko wani ɗan ƙulli na ƙyallen zanen aurenta.

"Ta Rabi ce," ta ce.

"Tun yaushe?"

"Tun da ta faɗi mana. Malam, a ina zan binne? A siminti? Ko a filin wasa inda karnuka ke tona? Na ce in ajiye har Allah ya kawo ƙasa."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ka taɓa tambaya?"

Na juya ƙullin a hannuna, murna ta taso, sai kuma ta koma. Na ce, "Amma ta mace ce. Ƙasa fa ake magana."

"To ba ni abina," in ji Lami, ta miƙo hannu. Na yi maza na sa a aljihu.

Ashe ba Lami kaɗai ba ce. Ta ba da labari a masallaci ranar Juma'a, washegari mata suka fara tsayawa a teburina ba don kwakwa ba. Wannan ta ciro ƙulli daga jaka, waccan daga bakin mayafi, wata ta ɗanta har ya shiga jami'a. Duk shekarun nan ina sara wa matan nan kwakwa, ban san kowace tana da irin wannan ajiya a ƙasan akwati ba, tana jiran ƙasar da za ta karɓa. Na gaya musu gaskiya, cibiyar jininmu ce kaɗai za ta riƙe gona. Suka ce su ba gona suke nema ba, wuri suke nema. Ba wadda ta rubuta suna, kowace da ƙyallen zanenta na gane ta. Ranar tafiya Musa ne ya kai ni filin jirgin JFK. Da ya sauke mini jaka sai ya tsaya yana sosa ƙeya, can ya miƙo nasa ƙullin. "Baba, Madam ta ce in ba ka. Mu a Maraɗi ba mu san kwakwa ba, amma a dasa wa 'yarmu itace mai tsawo."

Na isa ƙauye ana bugun shinkafar ƙarshe. Sani ya tsufa fiye da ni, ƙafafunsa duk kaushin laka. Muka je gaban Nana, yana zaune da dattawa, ga wata tsohuwa, uwar gidan sarautar, a gefensa. Na gaisa da harshensu da ya fara tsatsa a bakina, na fito da ƙullin zanen Lami. Na ce, cikin ƙasƙantar da murya, "Nana, na so in kawo ta jikana namiji, ban samu ba. Wannan ta 'yata ce. Mace ce, a yi mana haƙuri."

Sai tsohuwar ta fara dariya, dattawa suka kama. Nana ya share hawaye ya ce, "Ku Hausawa! A garin nan aka haife ka, ka manta a wurinmu ta wajen mace gado yake bi? Da ta jikan ka kawo, sai mun zauna shawara. Ta mace kuwa ba shawara. Ita da 'ya'yanta da 'ya'yan 'ya'yanta mata, ƙasa ta san su."

Abin da na sani tun ina yawo ba wando, kaina na Bahaushe ya rufe mini shi. Kunya ta kama ni, daɗi ya fi ta yawa. Da na zazzage sauran ƙulle-ƙullen a tabarma, Nana ya zaro ido ya ce, "Duk naka ne?" Na ce a'a, yaran da aka haifa ne a inda ba ƙasar binnewa. Ya dubi tsohuwar, sannan ya ce a dasa. "Amma ka gaya wa iyayensu, wanda yake da itace a garin nan, in an yi rasuwa muna jiran gaisuwarsa." Na isar da saƙon, kuma matan Bronx ba su taɓa fashi ba.

Muka dasa su a jere a bakin fadama, na Rabi a gurbin na Sani, kowanne da ƙyallensa ɗaure a kara. Masu roba suka nemi wani wuri. Kada ku ɗauka ƙauyen ya zama birni. Hanya tana nan yadda take, masu saye har yau su ke faɗin farashi. Amma gajeren irin nan ba ya jinkiri. Matar Sani ta koma matse mai, an canza rufi, akwai fitila mai aiki da hasken rana, jikokin maƙwabta da ke ban ruwa suna zuwa makaranta da takalmi. A nan kuma na samu sabon aiki, don ba ranar da wata ba za ta tsaya ta ce in nuna mata itacen ɗanta a waya, ta kuma yi ƙorafi in na maƙwabciyarta ya fi shi ganye.

Rabi da ta ce ƙazanta ce, ita ta fi kowa damun Sani da kira. Bara ta ɗauki hutu ta ce sai ta gani da idonta, muka tafi tare da yaron. Itacen ya yi nauyi da 'ya'ya, ko hawa ba a yi, hannu ake miƙawa. Ta tsaya a gindinsa ta dafa shi. Na ƙwanƙwasa na zaɓi wadda ta fara tsoka, na karɓi addar Sani, na fere cokali, na buɗe. Na sara kwakwar da ba ta ƙirguwa a rayuwata a titin nan, ban san gonarsu ba, ban san mai su ba. Wannan na san mai ita, tana tsaye a gabana da takalmin asibiti cikin laka.

Ta karɓa da hannu biyu, ta yi irin muryar masu sayena ta ce, da Hausarta mai karkata, "Baba Idi, nawa ne?"

Na ce, "Taki ce, uwata. Ni ne baƙo a gonar nan, nawa itacen ya daɗe da mutuwa. In kin sha, ki rage mini."

Ba ta sha ba. Ta miƙo mini ta ce in fara.